Wai Arewa ce ta ƙwace wa Abiola zaɓe

Na ga abin da wancan bawan Allah ya rubuta jiya, wai Arewa ce ta ƙwace wa Abiola zaɓensa na shugaban ƙasa. Har da masu tafa masa. To madalla, sannunku da zurfin bincike.

Wace Arewar? Ranar 12 ga Yunin 1993, ɗan takarar jam'iyyar NRC Bashir Tofa ne, ɗan Kano gaba da baya. Da aka ƙirga ƙuri'a, Abiola na SDP ne ya cinye jihar Kano. Ku sake karantawa. Talakan Kano ya bar ɗan gida ya dangwala wa Bayarabe ɗan Abekuta. Jigawa haka, Borno da Yobe haka, Kaduna ma haka. Wannan ce Arewar da ta tsane shi?

Na san za ku ce ai Babangida ɗan Minna ne, Abacha kuma Kano ya tashi. Sai me? Da Babangida zai soke zaɓen ranar 23 ga Yuni, Kasuwar Kurmi ya zo ya nemi shawarar 'yan tebur? In ma lissafin asali za mu yi, Arthur Nzeribe da ƙungiyarsa ta ABN da suka garzaya kotu a hana zaɓen, daga Daura suke? Shonekan da aka ɗora a gwamnatin riƙon ƙwarya ba ɗan garin su Abiola ba ne? Ya haye kujerar da aka hana ɗan'uwansa, ya yi zamansa har Abacha ya ture shi a Nuwamba. Ban taɓa jin an kira wannan laifin Kudu ba. Kada ma wani ya kawo min zancen Kingibe, ɗan Arewan da ya tsaya wa Abiola takarar mataimaki, ya karɓi minista a hannun Abacha, Lateef Jakande, Bayarabe tsohon gwamnan Legas, shi ma ya karɓa.

Wallahi abin yana min ciwo. Dattijon da ya sha rana a layi a Fagge ya zaɓi Abiola, shi ma ƙuri'arsa aka sace. An zalunce shi, yau sama da shekara 30 kuma jikan wani yana kiransa ɓarawo a waya. Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998, Allah ya jiƙansa. Amma Kano ta zaɓe shi, ko kun so ko kun ƙi.

Af, shi Tofa ma da ya rasu a Janairun 2022, kun san ya rubuta littattafai da Hausa, har kan ilimin sararin samaniya? Na neme su na gaji. Mai su a gida ya taimaka ya ara min, zan dawo da su.