Doki mai fukafukai, da littafin da ba mu yi wa yaranmu ba

Wata Asabar da yamma na tsaya wurin masu gwanjon littattafai, irin waɗanda ke shimfiɗa buhu a bakin titi su baje tsofaffin littattafan da aka kwaso daga Turai. Cikin tarin na zaro wani siriri mai faɗi. Bangonsa ya sha jiki, a kusurwa ɗaya ma har da shatin haƙoran wani yaron da ya riga mu mallakarsa. Labarin wata ƙatuwar dabba ce mai gashi da ta ɓata cikin dusar ƙanƙara. Na biya, na kai wa 'yar ƙanwata mai shekara huɗu.

Bayan sallar isha'i muka zauna kan tabarma, ina karanta Turancin a zuci ina mayar mata da Hausa. Rubutun bai taka kara ya karya ba, layi ɗaya ko biyu a kowane shafi, shi ya sa nake ta sauri. Zan buɗe shafi na biyar ke nan sai ta dafe takardar da tafin hannunta.

"Kawu, tsaya mana. Ɓeran bai gama ba."

"Wane ɓera kuma?"

Ta ɗora yatsa can ƙasan shafin. Ashe akwai wani ɗan mitsitsin ɓera yana jan wata jar safa. Muka koma baya. A shafin farko yana leƙenta daga rami, a na biyu ya cafki bakinta, a na uku ta fi ƙarfinsa ya faɗi ƙafafu a sama. Har littafin ya ƙare marubucin bai ambaci ɓeran nan ko sau ɗaya ba. Ni da nake cin abinci da karatu da rubutu ban gan shi ba, ita da ko bihim ba ta sani ba ta karance labarinsa tsaf.

Tun daga daren nan nake tunanin bambancin da ke tsakanin littafin da aka sa wa hoto da littafin da hoto ke ba da labarinsa. Na farkon muna da shi. Ka rubuta "wannan akuya ce", ka zana akuya a gefe, shi ke nan. Na biyun kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe babbar takarda a maɗaba'a, kuma kalmominsu duka ba sa wuce 'yan ɗaruruwa. Marubuci yana faɗin rabi, mai zane ya faɗi rabi, wani lokaci ma zanen ya ƙaryata rubutun da gangan: rubutu ya ce "babu kowa a ɗakin", ga kuma jelar kura ta leƙo daga ƙarƙashin gado. A nan ne yaro ke ƙyalƙyalewa da dariya, don ya san abin da mai karanta masa bai sani ba. Hatta buɗe shafi dabara ce. Ana ajiye abin mamakin a bayan takarda, yadda kaka ke yin shiru na ɗan lokaci kafin ta faɗi abin da ke cikin kogon kuka.

Irin wannan littafin ne ban cika gani da Hausa ba, kuma shi nake ganin ya kamata mu tashi tsaye a kansa.

Kada a ce na yi wa magabata butulci. Tun 1937 aka fara buga Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam a Zariya, kuma har gobe yana cikin abin da muke tinƙaho da shi. Kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a 1966 ya ci gaba da buga littattafan makaranta, mu da yawa da Ka Koyi Karatu muka buɗe ido. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasanni ya mai da su littattafai. A 'yan shekarun nan ma shirye-shirye irin su Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun kai littattafan koyon karatu da Hausa azuzuwan firamare. Duk aikin alheri ne. Sai dai ka duba da kyau: wasu an yi su ne don wanda ya riga ya iya karatu, wasu kuma don a koya wa ɗan aji ɗaya haɗa baƙi da wasali. Ɗan shekara uku da ke zaune a cinyar uwarsa, wanda ba jarrabawa zai yi ba, ba wanda ya tuna da shi.

In ma an tashi yi masa littafin, sai a cika shi da wa'azi. Audu yaron kirki ne, yana wanke hannu, yana gaishe da manya, yana zuwa makaranta da wuri. Tanko kuwa ba ya jin magana, sai ya faɗa rami. A shafin ƙarshe a rubuto "darasin wannan labari" da manyan baƙaƙe, kai ka ce yaron kurma ne. Ban ƙi tarbiyya ba, wa zai ƙi? Amma yaro ya fi mu saurin gane maganin da aka ɓoye cikin kunu. Ya saurara sau ɗaya don ladabi, gobe ba zai ɗauko littafin da kansa ba. Littafin da yaro ke jawowa daga ƙarƙashin matashi ya ce "a sake", shi ne wanda akuya ta hau Keke Napep ta ƙi biyan kuɗi, ko wanda tukunyar tuwo ta yi fushi ta bar gida don ba a taɓa ce mata sannu ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wannan ƙyamar wasa da tunani baƙuwa ce a wurinmu. Mu ne fa masu Gizo da Ƙoƙi da Botorami. A tatsuniyarmu ƙwarya na magana, kurciya na kai saƙo da waƙa, yarinya na auren Dodo ba ta sani ba sai an je gida. Gizo kansa maƙaryaci ne, makwaɗaici, mayaudari, kuma sau da yawa yakan sha da ƙyar ba tare da an hukunta shi ba. Mai tatsuniya ba ta ɓoye cewa ƙirƙira take yi. Da ta ce "ƙurunƙus kan ɗan ɓera" sai ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Yara sun san iyakar wasan, sun san inda ya fara da inda ya tsaya. Ban taɓa jin yaron da ya zama ɓarawo don ya ji Gizo ya saci gyaɗar sarki ba.

Akwai masu cewa matsalar tana wajen hoton ne, domin maganar zana abu mai rai magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, kuma iyaye da dama na ɗari-ɗari da ita. Ba na raina wannan damuwa, kuma fatawa aikin malamai ce. Amma akwai wani hadisi da Abu Dawuda ya ruwaito da nake so iyaye su riƙa tunawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo daga tafiya, iska ta ɗaga labule, sai ya ga 'yan tsanar Nana A'isha, a tsakiyarsu da wani doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, doki da fukafukai? Ta ce ashe bai ji cewa Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Sai ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Bai ce a cire fukafukan ba, bai ce doki ba ya tashi ba. Da wannan hadisi ne malamai da yawa suka kafa hujja kan sassauci a kayan wasan yara. Mu ma a gida ai haka muka taso: yarinya ta goya 'yar tsanar kara, yaro ya hau karan dawa ya ce ingarma ne, yana sukuwa yana tayar da ƙura, ba wanda ya taɓa tare shi ya ce kara ne.

Wata sukar ta fi wannan ƙarfi a wurina, kuma wani dattijon malamin makaranta ne ya yi mini ita. Ya ce a zamaninsu kowane yaro da nasa Dodon. Ana tatsuniya cikin duhu, kowa na ƙera shi a ransa, na wani mai gashi har ƙasa, na wani mai ido ɗaya. Ranar da aka zana Dodo a takarda, an kashe sauran dodannin ke nan. Gaskiya ya faɗa, akwai asara a ciki. Sai dai ina dandalin yake yanzu? Kaka tana ƙauye, jikoki suna birni. Da magariba ta yi, wayar hannu ce ke renon yara, kuma hotunan da ke cikinta ba sa jiran kowa. Kafin yaro ya gama kallon ɗaya an watso masa goma. Zanen littafi kuwa a tsaye yake. Yaro na iya zura masa ido minti biyar, ya koma baya, ya ƙirga ƙafafu, ya yi tambaya. Kuma gwanin mai zane ba ya nuna Dodo gaba ɗaya. Inuwarsa a jikin katanga ta isa, ko sawunsa a bakin rafi, ragowar yaron ne zai ƙarasa.

To ina masu zanen? Nan ne gizo ke saƙar. Marubuta muna da su jingim. Kasuwar littattafan Kano shaida ce, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ita ma shaida ce. Amma marubucin Hausa ya saba aiki shi kaɗai, in ya gama ya ba wani ɗan canji ya haɗa masa bango a kwamfuta. Mai zane a wurinmu ɗan kwangila ne, sunansa ma ba ya fitowa. Alhali hannu ba mu rasa ba. Dubi bayan manyan motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, da zakuna da dawakai da tsuntsayen da aka zana musu. Dubi zanen da magina ke yi a fuskar soraye a Zariya da Damagaram, da allon zayyana na ɗalibin da ya sauke, da abin da masu ƙunshi ke fitarwa a hannun amarya, da ɗinkin hula. Sashen koyar da zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar nan. A Zariyar ne a 1958, tun kafin kwalejin ta zama jami'a, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta ce a koma ga zanen gida maimakon kwaikwayon Turawa. Abin da ya rage shi ne a zaunar da marubuci da mai zane kan tabarma ɗaya tun daga shafin farko, a kuma raba musu suna da riba daidai wa daida.

Harshen ma kamar don wannan aiki aka yi shi. Tsulum, ya faɗa rijiya. Fir, ta tashi. Rigijib, jaki ya zube. Tinƙis-tinƙis, ga kunkuru nan tafe. Kalma ɗaya tak ta cika shafi, yaro ya maimaita ta yana tsalle. Wannan ne abin da ke salwanta idan aka ɗauko littafin wata ƙasa aka juya shi kalma da kalma. Sai ka ji Hausar tana tafiya da takalmin aro.

Maganar kuɗi ba a kauce mata. Buga launi yana da tsada, takarda mai kauri daga waje ake shigo da ita, kuma uban da ke fama da kuɗin awo ba zai sayi littafi mai kalma ɗari biyu da farashin mudun shinkafa ba. Amma wasu sun nemo hanya. A Afirka ta Kudu akwai Book Dash, inda marubuci da mai zane da mai tsara shafi ke haɗuwa su gama littafi cikin yini ɗaya a matsayin sa-kai, sannan a saki littafin kyauta ga duk mai son bugawa ko fassarawa. African Storybook da StoryWeaver na Indiya suna da ɗimbin littattafan yara a intanet kyauta, har da na Hausa. Ba dole sai da launi goma ba, baƙi da ja kawai sun isa a yi abin kirki. Sannan ga makarantun Islamiyya da na rainon yara a kowace unguwa. Littafi ashirin a cikin akwatin ƙarfe ɗaya zai zagaya yara ɗari. Masu kuɗinmu da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da bukukuwan karramawa, ko ɗaya daga cikinsu ya sa kyauta ta shekara-shekara ga littafin hoto na Hausa, a ba marubuci rabi mai zane rabi, da an ga hannayen da za su fito.

Kwanakin baya na sake komawa gidan ƙanwar tawa. Littafin gwanjon ya rabu biyu, an ɗinke shi da zare. A wannan karon na ce a ajiye shi, na yi musu ta Gizo da baure. Ina tsakiyar labari yarinyar ta katse ni.

"Kawu, Gizo yana sa hula?"

Na buɗe baki na rasa amsa. Shekara nawa ina jin labarinsa, ban taɓa tambayar kaina ko mutum ne ko tautau ba. Na yago takarda daga littafin lissafin yayanta, na miƙa mata fensir. Ta kwanta rub-da-ciki, harshe a waje, ta yi wani ƙulli mai ƙafa bakwai, ta ɗora masa hula, ta sa wa ƙafa ɗaya takalmi. Na ce ina sauran takalman? Ta ce Ƙoƙi ta ɓoye su don kada ya fita yawo.