Wasan Tanis Mafi Girma: Ina Nan A Kan Wimbledon Ta 2008

Tun daga ranar 8 ga Yuni 2025, lokacin da Carlos Alcaraz ya doke Jannik Sinner a wasan ƙarshe na gasar Faransa bayan fafatawar sa'a 5 da minti 29, matasan da muke kallon tanis tare suke ta nanata mini cewa ba a taɓa buga wasa kamarsa ba. Ban ga laifinsu ba, domin wanda ya ga Sinner yana riƙe da damar cin kofi har uku a jere a turmi na huɗu, sannan ya ga Alcaraz ya ƙwace su ɗaya bayan ɗaya ya juya wasan, dole abin ya tsaya masa a rai. Amma ni har yau ina nan a kan bakana: wasan da ya fi kowanne girma a tarihin tanis na ƙwararru shi ne wanda Rafael Nadal da Roger Federer suka buga a Wimbledon ranar Lahadi, 6 ga Yuli 2008.

Saboda 'yan uwa da ƙwallon ƙafa kawai suke bi, ga yadda lissafin yake. A manyan gasanni huɗu na duniya, maza suna buga turmi har biyar, kuma wanda ya fara cin uku shi ne ya yi nasara. Ana cin turmi ne da gem shida (gem ƙaramin zagaye ne da ake ci da tara maki), bisa sharaɗin a ba abokin karawa ratar biyu, idan kuma aka yi kunnen doki 6–6 sai a shiga bugun raba gardama. A shekarar 2008 babu wannan bugun a turmi na biyar na Wimbledon, sai dai a yi ta bugawa har wani ya samu ratar gem biyu, ko da za a kwana.

Abu na farko da nake so mu kawar daga muhawarar nan shi ne batun tsawon lokaci, domin shi ne hujjar da aka fi saurin jefo mini. Da a ce daɗewa ce girma, da babu gardama, tunda John Isner da Nicolas Mahut sun shafe sa'a 11 da minti 5 cikin kwana uku a Wimbledon ta 2010, turminsu na biyar ya ƙare 70–68. Sai dai wasan zagayen farko ne, a fili na 18, kuma abin da ya tsawaita shi shi ne kowannensu ya kasa mayar da sabis ɗin ɗan uwansa, wato bugun da ake buɗe kowane maki da shi, inda kowa ya zuba sabis fiye da ɗari da ba a ko taɓa ba. Na jinjina wa juriyarsu, amma ban san wanda yake komawa ya sake kallon wannan wasa don jin daɗi ba. A wurina, ana auna girman wasa ne da abin da aka ɗora a kansa kafin a fara, da ƙarfin mutanen biyu a ranar, da kuma abin da sakamakon ya canza bayan an tashi.

To, mu duba abin da aka ɗora a kan wasan 2008. Federer, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara 26, ya ci Wimbledon sau biyar a jere daga 2003 zuwa 2007, ya yi nasara a wasa 65 a jere a kan ciyawa, kuma yana neman kofi na shida da zai ɗora shi sama da Bjorn Borg, tsohon zakaran da shi ma ya ci biyar a jere. Tun watan Fabrairun 2004 shi ne na ɗaya a duniya ba tare da ya sauka ko na mako guda ba. Nadal kuwa, ɗan tsibirin Mayoka na ƙasar Sifaniya mai shekara 22, sarki ne a filin jar ƙasa, ya ci gasar Faransa sau huɗu a jere, kuma wata guda kacal kafin wannan rana ya yi wa Federer dukan kawo wuƙa a Faris da ci 6–1, 6–3, 6–0. Duk da haka mutane da yawa suna ganinsa a matsayin gwanin fili iri ɗaya, domin Federer ya doke shi a wasan ƙarshe na Wimbledon a 2006, ya sake doke shi a 2007 cikin turmi biyar, kayen da Nadal da kansa ya faɗa cewa ya sa shi kuka a ɗakin sauya kaya. Kowa yana da gidansa, kuma abin da aka zo gani a ranar shi ne ko ɗaya zai iya shiga gidan ɗayan ya ƙwace shi.

Akwai kuma bambancin salo, wanda a ganina shi ne gishirin karawarsu. Nadal da hannun hagu yake riƙe raket, kamar yadda ya taso a hannun baffansa Toni, kuma yana murɗa ƙwallo ta yadda idan ta daki ƙasa sai ta yi tsalle har kafaɗa, ta nufi bugun bayan hannu na Federer, wanda da hannu ɗaya yake yinsa. A kan jar ƙasa wannan dabara ta daɗe tana wahalar da Federer, amma an ɗauka cewa ciyawa, inda ƙwallo take sulɓewa ƙasa-ƙasa, za ta kashe mata kaifi. Abin da aka manta shi ne tun 2001 aka sauya irin ciyawar Wimbledon, ƙwallo ta ƙara tashi, kuma kafin a kai ranar ƙarshe ta gasa, bayan layi duk ya zama ƙasa saboda takun mako biyu.

A Kano na kalli wasan, kuma da yake a wannan lokaci na shekara agogonmu ɗaya ne da na Landan, ina iya tuna shi da lokutan salla. Ruwan sama ya jinkirta farawa zuwa bayan ƙarfe biyu da rabi, mun idar da Azahar ke nan. Nadal ya ci turmin farko 6–4. A na biyu Federer ya yi gaba da 4–1, har muka ce zakin ya farka, sai Nadal ya cinye gem biyar a jere ya sake ɗaukar turmin 6–4. A na uku, ana 3–3, Federer ya faɗa rami, Nadal ya samu dama uku na cin gem ɗin a kan sabis ɗin Federer, wanda da ya rasa ɗaya daga ciki da wataƙila yau ba ma wannan magana, amma ya fito. Daga nan ruwa ya sauko Federer yana gaba da 5–4, aka rufe fili fiye da sa'a guda, kuma da aka dawo sai ga wani Federer daban, mai zafin sabis, ya ci bugun raba gardama 7–5.

Bugun raba gardama na turmi na huɗu shi ne wurin da nake roƙon duk mai musu da ni ya je ya kalla kafin ya ba ni amsa. Nadal ya kai 5–2 kuma sabis yana hannunsa, wato maki biyu ya rage masa ya ɗaga kofi, sai hannunsa ya yi rawa ya zubar da sabis biyu, ya kuma jefa ta gaba cikin raga. Bayan Nadal ya rasa damar cin kofi ta farko, da aka kai 7–7, Federer ya kora shi can lungun fili ya taho bakin raga, Nadal ya bi ƙwallon da gudu ya sako ta ta gefen layi ta wuce shi, bugun da a kowace rana shi kaɗai ya isa a yi ta labarinsa. Wannan ya ba shi damar cin kofi ta biyu. Nadal ya buga sabis, ya tura ƙwallo ɓangaren da kowa ya sani shi ne raunin Federer, ya taho raga don ya gama aiki, sai Federer ya saki bugun bayan hannu ta kan layi, ƙwallo ta ratsa ta wata 'yar kafa da ba ta fi taku ɗaya ba. Maki biyu ne a jere, kowane mutum ya yi bugun da ya fi kowanne kyau a wasan a daidai lokacin da kuskure yake nufin rasa komai. Federer ya ci 10–8. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a nan aka ga maciya biyu a kan akushi ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma wanda ba a cika ambata ba, shi ne yadda Nadal ya shiga turmi na biyar. Yaro ne da ya zubar da ratar turmi biyu da damar cin kofi biyu a gaban mutumin da ba a doke shi a wannan fili ba tun 2002, kuma Federer ne yake fara sabis, don haka kullum Nadal yana biye, kullum kuskure ɗaya zai iya kai shi ƙasa. Ruwa ya sake katse wasan ana 2–2. Da aka dawo, Federer ya samu damar karya sabis, wato cin gem ɗin da Nadal yake sabis, yana gaba da 4–3, sannan a 5–4 ya rage masa maki biyu ya ci kofi, amma Nadal bai girgiza ba. Mu a nan mun daɗe da yin Magariba, har Isha'i ta shiga, su kuwa can hasken bazarar Ingila yana ƙarewa, babu rufi, babu fitila, farin kayan 'yan wasan ne kawai yake fitowa sosai. A gem na 15 Nadal ya karya sabis ɗin Federer. Ko a nan ma Federer sai da ya sake kuɓutar da dama ta uku da mayar da sabis ta bayan hannu, kafin a ta huɗu ya jefa ƙwallo cikin raga. An tashi 6–4, 6–4, 6–7, 6–7, 9–7, wajen ƙarfe tara da kwata na dare, bayan sa'a 4 da minti 48 na wasa. A jimillar maki Nadal yana da 209, Federer 204.

Masoyan Federer sukan ce mini ai gwaninsu bai cika lafiya ba a shekarar, tunda ya yi fama da ciwo a farkonta, kuma cikin damar karya sabis 13 da ya samu ɗaya kawai ya ci. Maganar ciwon gaskiya ce, amma mutumin da ya iso wasan ƙarshe ba tare da ya rasa turmi ko ɗaya ba cikin wasa shida, sannan bayan wata biyu ya ci gasar Amurka, ba za a kira shi majinyaci ba. Damar nan 12 kuma ba zubar da su duka ya yi ba, yawancinsu ƙwace su aka yi.

Wasan da yake sa ni jinkiri da gaske shi ne wasan ƙarshe na Wimbledon ta 1980, wanda Borg ya doke John McEnroe da ci 1–6, 7–5, 6–3, 6–7, 8–6 da raket ɗin katako. Bugun raba gardamarsu na turmi na huɗu ya kai 18–16, McEnroe ya hana Borg damar cin kofi har biyar a cikinsa, kuma ban yarda an taɓa yin minti ashirin da suka fi waɗannan tsanani a tanis ba. Sai dai turmin farko na wannan wasa ba kokawa ba ce, Borg bai ma shigo ba tukuna, kuma da aka tashi mai kambu ne ya riƙe kambunsa, sai a shekara mai zuwa McEnroe ya karɓe shi. McEnroe ɗin da kansa, yana zaune a ɗakin sharhi a 2008, ya ce wannan ne wasa mafi girma da ya taɓa gani, kuma ina ganin shaidar mutumin da ya buga ɗayan ta fi tawa da taku nauyi.

Magoya bayan Novak Djokovic suna da hujja biyu. Ta farko ita ce wasan ƙarshe na Ostireliya a 2012, sa'a 5 da minti 53, wanda aka yi kare jini biri jini har sai da aka kawo musu kujeru lokacin miƙa kofi don sun kasa tsayuwa. Na yarda cewa a ƙarfin jiki babu kamarsa, amma wannan shi ne karo na bakwai a jere da Djokovic ya doke Nadal a wasan ƙarshe, don haka bai gaya mana abin da ba mu sani ba. Ta biyu ita ce Wimbledon ta 2019, inda Federer, yana dab da cika shekara 38, ya samu damar cin kofi biyu a kan sabis ɗinsa ana 8–7 ya rasa, Djokovic ya ci turmi na biyar 13–12 da bugun raba gardama. Tashin hankali ya kai maƙura, amma ingancin wasan hawa da sauka ne, har Djokovic ya saki turmi na biyu 6–1. Djokovic, mai manyan kofuna 24, yana iya zama ɗan wasan da ya fi kowa, wannan wata muhawara ce daban da wadda muke yi.

Na 2008 kuwa ya sauya tsari. Nadal ya zama na farko tun Borg a 1980 da ya haɗa gasar Faransa da Wimbledon a shekara ɗaya, kuma namiji na farko daga Sifaniya da ya ci ta tun Manuel Santana a 1966. Ranar 18 ga Agusta ya karɓi matsayi na ɗaya a duniya, ya kawo ƙarshen mako 237 a jere na Federer. Ga matasa masu Alcaraz da Sinner, abin da zan ce shi ne wasansu ya kai a sa shi cikin jerin, amma ya ƙare ne da bugun raba gardama na maki goma da aka tashi 10–2, bisa dokar da manyan gasanni huɗu suka ɗauka a 2022, wadda ta hana turmi na biyar wuce 6–6. Babban filin Wimbledon ma an yi masa rufi da fitilu tun 2009. Ranar 6 ga Yuli 2008 babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma da Federer ya ci gem na 16 aka koma 8–8, da wuya alƙalan gasar su bari a ci gaba cikin wannan duhu, da sai dai a dawo ranar Litinin.