Ginin laka da aka yi wa rumfa a Arizona, da badalarmu ta Kano

Shekarata shida kenan a Phoenix, jihar Arizona ta Amurka, kuma duk wanda ya kira ni daga gida yace yaya garin, ce masa nake ka ɗauki zafin Sakkwato na watan Afrilu ka ƙara masa. A 2023 sai da muka jera kwana 31 kullum zafi sai ya kai digiri 43 ko ya wuce. To amma cikin wannan hamadar mutane ke tahowa daga ƙasashe suna biyan kuɗi don kallon dutse da ƙasa da ƙaya, nima da sanyi ya shigo na kwashi iyali muka fara zagayawa.

Grand Canyon kam ba sai na cika ku da surutu ba, kowa ya ga hotonsa. Kwazazzabo ne da kogin Colorado ya haƙa, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wuraren ya kai mita 1,800, in ka tsaya a bakinsa Subhanallah kawai za ka ji bakinka na faɗi. Dala 35 muka biya na mota, tikitin kwana bakwai ne, akwai banɗaki mai tsafta, akwai famfon da za ka cika gorarka, akwai bas da ke kai mutane wuri wuri. Wannan ikon Allah ne, ba shi ya hana ni barci ba.

Abinda ya tsaya min a rai wani ƙaramin wuri ne da ake kira Casa Grande, kusa da garin Coolidge, tafiyar kamar awa ɗaya daga gidana. Ginin laka ne fa jama'a, ginin ƙasa irin namu, hawa huɗu, mutanen asalin yankin suka gina shi wajajen 1350, manoma ne masu haƙa magudanan ruwa daga kogin Gila suna noman masara da auduga da wake. Ƙasar da suka kwaɓa wata mai tauri ce, ba tubali suka jera ba, ɗora ta suka riƙa yi hawa hawa tana bushewa suna ƙarawa. Tun 1892 gwamnatin Amurka ta killace wurin, a 1932 kuma aka kafa masa wata ƙatuwar rumfar ƙarfe a sama don kar ruwa ya cinye shi, har yau tana nan tsaye. Ba a bari ka shiga ciki, ba a bari ka jingina. Ƙaramin yarona ya miƙa hannu zai taɓa bango, sai malamar dajin da ke mana bayani, da hularta mai faɗin baki, ta durƙusa ta yi daidai da tsawonsa tace masa in kowa ya taɓa sau ɗaya wata rana ba za a samu abin kallo ba. Ta nuna mana wata ƴar ƙofa zagayayya can sama ta ɓangaren yamma, tace ranar da yini ya fi tsawo a shekara rana na faɗuwa daidai saitinta.

Ina tsaye ina kallon tsagar da ke jikin bangon, wallahi Ƙofar Na'isa ce ta faɗo min a rai. Ni a cikin birni na tashi, badala wurin wasanmu ce muna yara, mu hau mu gangaro, mu tsaya a sama muna hango Dala da Goron Dutse. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen shekara 900 kenan, kaga ta girmi Casa Grande nesa ba kusa ba, kuma in ana maganar girma ginin nasu ko ɗan yanki ɗaya na ganuwarmu bai kai ba. Zuwana gida na ƙarshe na bi ta wurin da muke wasa, wani ɓangaren an yanka filaye an yi shaguna, wani ya zama bola, wani kuma an ɗebe ƙasar tas an je an yi gini da ita. Ita kanta tsohuwar ƙofar an rushe ta a 2010 wai za a faɗaɗa titi. Yarona yace Abba ina katangar da kake faɗa, na rasa abinda zan nuna masa sai wani tudu da awaki ke kwance a kai.

Nasan wani zai ce ai su suna da kuɗi, mu muna fama da abinda za mu ci. Eh akwai gaskiya ciki, kuma ni ba cewa nake Amurkawa waliyyai bane a wannan harkar, su ma sun yi zalunci, ƙabilar Havasupai da ke noma a cikin Grand Canyon korarsu aka yi a shekarun 1920 don a gyara wa ƴan yawon buɗe ido wuri, sai a 2022 aka sa wa gurin da suke noman sunansu. Amma maganar kuɗin nan bata gamsar dani ba. Rumfar nan ta Casa Grande a tsakiyar mummunan karayar tattalin arzikinsu aka yi ta. Sannan ku dubi Agadas, ai ba Amurka bace, hasumiyar masallacinsu ta laka ce, mita 27, da itatuwa a soke a jikinta waɗanda magina ke takawa in za a sake yaɓe, mutanen gari sun riƙe abinsu har UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Mu da muke da sarkin magina, muka san makuba, muka san azara, mu da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina mana masallacin Juma'a na Zariya, a ce yaɓen katanga ya gagare mu?

Haka Yankari, tun 1956 aka keɓe dajin, ga giwaye ga ruwan Wikki mai ɗumi da za ka hango yashin ƙasansa garau, a nan Arizona da suna da irinsa da sai ka yi bukin tun wata uku kafin ka samu ɗaki. Mu nawa ne a cikinmu muka taɓa kai yaranmu? Anan duk wurin da muka je sai na ga motar makaranta, ana ba yara ɗan littafi su zaga su cike, in sun gama a rantsar dasu a maƙala musu bajo a riga, nawa yaran yanzu suna da guda biyar suna ta alfahari dasu. Ni ko da na yi firamare da sakandare a Kano sau ɗaya tak aka kai mu Gidan Makama.

In Allah ya kaimu hutun ƙarshen shekara zamu zo gida, na riga na faɗa wa yayana ya shirya nashi yaran, mota ɗaya zamu yi mu fara da Dala da sassafe, mu shiga Gidan Makama, washegari mu wuce Katsina su ga Gobarau. Duk wanda ya san inda ragowar badala take tsaye da kyau har yanzu dan Allah ya faɗa min ta wace ƙofa ce, can nake so in fara tsayawa dasu.