Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ra'ayina kan Barry Bonds da zamanin allura a besbol

Jama'a, na san yawancinku da ke bibiyar shafin nan ƙwallon ƙafa kuke kallo, wasu ma za su ce me ya haɗa Bahaushe da besbol. Ku yi mini haƙuri yau. Duk watan Janairu idan aka sanar da waɗanda za a shigar Zauren Gwaraza na wasan nan, maganar Barry Bonds da 'yan wasan da aka zarga da yin allurar ƙara ƙarfi takan taso mini, na daɗe ina haɗiye ta.

Na sauka New York a 1997, na zauna a Bronx, na kama tuƙin tasi kamar 'yan uwanmu da yawa daga Gana da Nijar da Najeriya. Wanda yake wuni a mota rediyo ne abokin hirarsa, kuma a bazarar Amurka ba abin da ke fita daga rediyo kamar besbol. Wani maƙwabcina mutumin Jamhuriyar Dominika shi ya zaunar da ni ya koya mini wasan. Mai jifa yana tsaye wajen mita 18 daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 a awa, mai bugu kuma yana da ƙasa da rabin daƙiƙa ya yanke shawara ya kai mata sanda. Idan ya dake ta ta tsallake katangar fili, shi ne homron, bugun da ya fi kowanne daraja. Cikin shekara guda wasan ya shiga jinina, kuma ya shiga daidai lokacin da ake shekarar da ta fi kowace daɗi, wadda daga baya ta fi kowace ciwo.

A 1998 Mark McGwire na St. Louis Cardinals da Sammy Sosa na Chicago Cubs suka shiga tseren karya tarihin Roger Maris, wanda ya buga homron 61 a kaka ɗaya tun 1961. Shekara 37 ba wanda ya taɓa wannan adadi. Ranar 8 ga Satumba McGwire ya buga na 62, kuma da ƙungiyar Sosa ake karawa, sai ga Sosa ya rugo daga can ƙarshen fili ya rungume shi. McGwire ya ƙare da 70, Sosa da 66. A unguwarmu Sosa ne gwarzo, yaron San Pedro de Macorís da ya taso yana goge takalma. Maƙwabcina har hawaye ya yi. Ni ma na yi ihu, na danna hon a titi tare da kowa, kuma har ga Allah farin cikin da na yi na gaske ne.

A cikin watan Agusta na wannan shekarar wani ɗan jaridar Associated Press mai suna Steve Wilstein ya hango kwalbar wani sinadarin ƙara ƙarfin jiki, androstenedione, a ma'ajiyar kayan McGwire, ya rubuta labarin. Gasar Olamfik ta riga ta haramta sinadarin, amma besbol bai haramta ba, ana sayar da shi a kanti. Me aka yi? Ɗan jaridar aka tasa a gaba da zagi, wai me ya kai idonsa kayan mutane. McGwire ya ci gaba da bugu, filaye suka ci gaba da cika.

Sai an koma baya kaɗan za a gane dalili. A watan Agusta na 1994 'yan wasa suka tafi yajin aiki kan rikicin albashi da masu ƙungiyoyi, har aka soke wasan ƙarshe na World Series, abin da rabon da ya faru tun 1904. Magoya baya suka yi fushi, da yawa suka ƙaurace wa filaye. Homron ne ya dawo da su. Kasuwar da ta mutu ta farfaɗo, kuɗin talabijin ya ƙaru, albashi ya yi sama. Tun 1990 dokar Amurka ta sa sitiroyid, wato sinadarin gina tsoka, cikin magungunan da laifi ne a mallaka ba da takardar likita ba, a 1991 kuma shugaban wasan na lokacin, Fay Vincent, ya aika wa ƙungiyoyi takarda cewa haramun ne. Amma ba gwaji. Doka ce a takarda, ba mai duba fitsarin kowa, kuma haka aka tafi har 2003. Ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Donald Fehr ta yi ta turjiya, masu ƙungiyoyi kuma ba su matsa ba, don kowa na ci.

Akwai masu cewa allura ba ta buga ƙwallo, ido da hannu ne ke bugawa. Rabin gaskiya ce. Ka ɗura wa wanda bai iya ba duk sinadarin duniya, ba zai taɓa ƙwallon ba. Amma kakar besbol wasa 162 ce cikin wata shida, kusan kullum ana fili. Abin da ke kayar da ɗan wasa gajiya ce da tsamin jiki da shekaru. Sitiroyid yana gina tsoka, yana sa jiki ya warware da wuri, mutum ya ɗaga ƙarfe yau gobe ya tashi garau. Ƙwallon da a da za a cafke a gindin katanga sai ta ƙara 'yan mitoci ta tsallake. Ku duba lissafi: daga 1998 zuwa 2001 sau shida aka wuce homron 60, kuma mutum uku ne kacal suka yi, McGwire da Sosa da Bonds. Da aka fara gwaji, ba a sake kai 60 ba sai 2022 da Aaron Judge ya buga 62. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Barry Bonds na San Francisco Giants shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, domin shi ba ya bukatar komai. Kafin kowa ya fara zarginsa ya riga ya zama gwarzon lig sau uku, a 1990 da 1992 da 1993. A 1998 ya zama mutum na farko da ya haɗa homron 400 da satar sansani 400, wato rugawa daga wani sansani zuwa na gaba ba tare da jiran a bugi ƙwallo ba. A watan Mayu na wannan shekarar kocin Arizona, Buck Showalter, ya gwammace ya ba Bonds hanya kyauta, wato a bar shi ya wuce sansanin farko ba tare da ya buga ba, alhali duk sansanoni uku a cike suke, wato ya yarda a ci shi maki ɗaya da gangan da a bar Bonds ya kai sanda. Irin tsoronsa da ake ji ke nan tun yana siriri. Amma duniya ba ta kalle shi ba, hankali na kan McGwire da Sosa. Bayan nan jikinsa ya sauya. A 2001, shekarar da ya cika 37, shekarun da 'yan wasa ke haɗa kayansu, ya buga 73, shi da bai taɓa kai 50 ba a baya. A 2004 sau 232 ana ba shi hanya, 120 daga ciki da gangan.

A 2003 jami'an gwamnati suka kai samame wani kamfani mai suna BALCO a jihar Kalifoniya bisa zargin yana ba 'yan wasa sitiroyid, mai horar da Bonds, Greg Anderson, yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Bonds ya shaida wa masu bincike cewa abin da aka ba shi ya ɗauka man wani iri ne da man shafawa na ciwon gaɓoɓi. Ni ban yarda da wannan bayani ba, ban taɓa yarda ba. Amma dole in faɗi abin da kotu ta yi: a 2011 an same shi da laifin kawo cikas ga shari'a, ba a same shi da laifin rantsuwa kan ƙarya ba, a 2015 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci ɗayan. Roger Clemens, mai jifan da ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa sau bakwai, wanda tsohon mai horar da shi ya ce da hannunsa ya yi masa allura, kotu ta wanke shi daga tuhumar yi wa Majalisar Dokoki ƙarya a 2012. Wannan ya sha bamban da McGwire da ya fito ya amsa da bakinsa a 2010, ko Alex Rodriguez da ya amsa a 2009 sannan aka dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya, ko Rafael Palmeiro da ya nuna yatsa a gaban Majalisar Dokoki a watan Maris na 2005 ya ce bai taɓa sha ba, kafin shekara ta ƙare gwaji ya kama shi. Ba daidai ba ne a zuba su duka a kwando ɗaya. An tashe mu da cewa zato zunubi ne, kuma na ga yadda zato ya ɓata sunan 'yan wasan da ba a taɓa kama su da komai ba, laifinsu kawai sun yi ƙirji a zamanin da bai dace ba.

To ga inda raina ke ɓaci. Zauren Gwaraza yana garin Cooperstown a jihar New York, kuma marubuta wasanni ne ke jefa ƙuri'a, sai mutum ya samu kashi 75 cikin ɗari. Shekara goma sunan Bonds da na Clemens na kan takarda. A ta ƙarshe, 2022, Bonds ya samu kashi 66, Clemens 65 da ɗoriya, aka rufe musu ƙofa. Amma Bud Selig, wanda ya shugabanci wasan daga 1992 zuwa 2015, wato duk tsawon zamanin allura, an shigar da shi a 2017. Tony La Russa, kocin McGwire a Oakland da St. Louis, ya shiga a 2014. Na san Selig ne ya kawo gwaji a ƙananan lig a 2001, shi ya ɗauko tsohon sanata George Mitchell ya yi bincike, a zamaninsa aka tsananta hukunci. Ban hana shi wannan ba. Sai dai rahoton Mitchell ɗin da kansa, wanda ya fito a Disamba 2007 da sunayen 'yan wasa kusan 90, ya ce laifin na kowa ne: shugabanni, jami'an ƙungiyoyi, ƙungiyar 'yan wasa, da 'yan wasan. To ta yaya laifin kowa zai zama hukuncin ɓangare ɗaya? Wanda ya zuba sinadari a jininsa yana waje, wanda ya ƙirga kuɗin ƙofa yana ciki da hotonsa a bango. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Marubutan da ke riƙe da ƙuri'ar ma, da yawansu suna cikin ɗakunan sauya kaya a waɗannan shekarun, suna gani, yabo suka rubuta.

Kuma zauren nan ba na waliyyai ba ne tun asali. Akwai 'yan wasan da suka yi zamani ƙwayoyin amfetamin na yawo a ɗakunan sauya kaya, ba a haramta su da gwaji ba sai 2006. Duk wanda ya yi wasa kafin 1947, har da Babe Ruth, sarkin homron na wancan zamani, ya kafa tarihinsa a lig ɗin da aka hana baƙar fata shiga.

Kada wani ya ɗauka ina wanke masu allura ne. Sun cuci mutane, kuma mutanen da suka fi cuta ba mu san sunayensu ba: yaron da ya ƙi sha, ya yi shekara takwas a ƙananan lig yana kwana a bas, wani da ya sha ya ɗauke masa gurbi, ya koma gida ba ko sisi. Fred McGriff ya buga 493 ba a taɓa jin sunansa a wata badaƙala ba, amma saboda lambobinsa sun yi ƙanƙanta kusa da na masu kumburarren jiki, marubuta suka tsallake shi shekara goma, sai wani kwamiti ne ya shigar da shi a ƙarshen 2022. Ken Caminiti, gwarzon lig na 1996, shi ne ya fara fitowa ya amsa a 2002, ya rasu a 2004 yana ɗan shekara 41 bayan fama da miyagun ƙwayoyi. Taylor Hooton ɗan makarantar sakandare ne a Texas, mai jifa, shekararsa 17, ya sha sitiroyid don ya ƙara jiki, ya kashe kansa a 2003, mahaifinsa ya je gaban Majalisa ya ba da shaida. Ina da 'ya'ya maza, wannan labarin ba ya barin zuciyata.

A wurina sarkin homron har gobe Hank Aaron ne. Ya buga 755 bai taɓa wuce 47 a kaka ɗaya ba, shekara bayan shekara yana tarawa. Lokacin da yake dab da karya tarihin Ruth a 1974, wasiƙun barazanar kisa ake turo masa saboda launin fatarsa, bai fasa ba. Daren 7 ga Agusta 2007 da Bonds ya buga na 756, Aaron bai je San Francisco ba, amma ya aiko da saƙon bidiyo na taya murna aka nuna a allon fili. Ina cikin mota na ji a rediyo, na faka a gefen titi, ban danna hon ba.

Abin da nake so a yi shi ne a shigar da Bonds da Clemens, a rubuta a allon tagullar kowannensu abin da ya yi a fili da abin da aka zarge shi da shi, a fili ɓaro-ɓaro, a kuma ƙara layi a allon Selig cewa a ƙarƙashinsa aka yi sama da shekara goma ba gwaji mai hukunci. Ƙwallon nan ta 756 ma ai tana Cooperstown. Wani ɗan kasuwa mai suna Marc Ecko ya saye ta sama da dala dubu 750, ya sa jama'a suka yi ƙuri'a a intanet, aka yi mata tambarin tauraro alamar akwai magana a kanta, sannan ya miƙa ta ga gidan tarihin, suka karɓa suka ajiye. Idan za a iya karɓar ƙwallon da tambarinta, ban ga abin da zai hana a karɓi wanda ya buga ta da nasa tambarin ba.