Tsofaffin tukwanen Indiya da dattijon da ya hana a narkar da su

Jama'a ina so in yi magana kan wani abu da ya tsaya min a rai game da Indiya, nasan wasu zasu ce meye abin dogon rubutu akan tsofaffin tukwane da butoci, to ku yi haƙuri ku karanta. Ra'ayina shine kayan madafi da kayan ɗakin mata sun fi takubba da rawunan sarakuna faɗa maka gaskiyar yadda mutane suka rayu, kuma irin kayan nan basa magana sai in akwai wanda ya san aikinsu a tsaye kusa dasu yana maka bayani, ya barka ka ɗauka da hannunka.

Jinya ce ta kaini Hyderabad, na raka yayana, Alhamdulillahi an samu sauƙi. Duk wanda ya yi zaman jinya a can ya san ranakun nan da likita zai ce ku dawo sati mai zuwa, kai kuma ba abin yi. A irin ranakun ne wani ƙaninmu ɗalibi da yake karatu a garin yace min Yaya akwai wani dattijo can wajen Secunderabad, garin da yake manne da Hyderabad, da ya mayar da gidansa gidan tarihi, ba gwamnati bace ta bashi, shi da kansa ya yi ta tarawa shekara da shekaru, sai dai ana kiransa a waya tukuna a sa lokaci tunda gidan da yake kwana ne. Kafin nan na riga naje Salar Jung, babban gidan tarihin garin, wanda shima asalinsa tarin mutum ɗaya ne, Mir Yousuf Ali Khan da ya rasu a 1949 aka buɗe wajen ga jama'a a 1951. Wajen ya haɗu ba ƙarya, ga agogon nan da mutane suke taruwa suna jiran ɗan mutum-mutumi ya fito ya buga ƙararrawa duk awa. Amma can rayuwar masu mulki da dukiya kake kallo, ni kuma abin da nake son sani shine me matar talaka take ɗorawa a murhu.

A gidan dattijon daga bakin ƙofa zaka cire takalmi, kana shiga falo sai ido ya rasa inda zai tsaya, tagulla da jan ƙarfe ko ina, kan kanta, ƙarƙashin tebur, jikin bango, har hanyar bene, duk an goge suna ƙyalli, yace da tsamiya da gishiri suke gogewa ba wani sinadarin kanti. Ba gilashi, ba igiyar da aka gitta. Nace Baba zan iya taɓawa? Sai ya ɗauko wata tukunya ya ɗora min a hannu yace ai in baka ji nauyinta ba baka ganta ba.

Abu na farko da ya kama ni tukunyar dafa ruwan wanka ce ta jan ƙarfe, tsayinta ya kusa ƙuguna, tana tsaye akan ƙafafun ƙarfe, a tsakiyarta akwai bututu daga sama har ƙasa. Cikin bututun ake zuba garwashi ko ɓawon kwakwa, ruwa kuma yana zagaye dashi, wato wutar tana cikin ruwan ne ba a ƙarƙashinsa ba, zafi baya tafiya a banza, toka ta zube ta ƙasa, ga ɗan famfo a gefe kana buɗewa ruwan zafi ya zubo, ka ƙara na sanyi ta sama wanda zai yi wanka bayanka ya samu. Gida guda zasu yi wanka da ɗan gawayin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ƙera wannan bai shiga jami'a ba amma wallahi injiniya ne.

Sai wata ƴar buta mai murfin murɗawa, in ka kwance murfin akwai kofi a ciki, ta tafiya ce, da ita ake shiga jirgin ƙasa. Na ɗauka maganar tsafta ce kawai, sai yace harda ita, amma akwai wani dalilin mara daɗi, a wancan zamanin mutane da yawa basa shan ruwan da wanda ba ajinsu ba ya taɓa, kafin 1947 har a tashoshin jirgi ruwan Hindu daban ruwan Musulmi daban ake rabawa. Bai ɓoye ba, bai kuma yi ƙoƙarin gyara maganar don ya ga baƙo Musulmi ba, ya faɗa ne kai tsaye, kuma na ƙara ganin girmansa akan haka. Kaga da a bayan gilashi na ganta da ƴar takarda an rubuta "butar ruwa, ƙarni na 20" da na wuce abina ban san komai ba.

Inda na fi daɗewa shine kayan girki, don anan ilimin yake. Tagulla bata shiri da tsami, in ka dafa miyar tsamiya ko ka bar nono a ciki sai ta yi wani kore-kore mai cutarwa, mutanen kudancin Indiya kuma kusan kullum sai sun ci tsamiya. To me suka yi? Akwai masu sana'a da suke yawo unguwa unguwa, kalaiwala ake ce musu, su haƙa ɗan rami su hura wuta, su gasa tukunyar, su barbaɗa wani farin gari hayaƙi ya turnuƙe, su goga kuza ta narke, su shafe cikin da auduga cikin sauri, nan take cikin tukunya ya koma fari tas. Bayan wasu watanni in ya goge a sake. Miya mai tsami sosai kuma a tukunyar dutse ake yinta, wani dutse mai laushi da ake sassaƙawa, ya nuna min guda baƙa ƙirin saboda tsufa, yace sabuwa ba a ɗorata a wuta haka kawai sai ta fashe, sai an yi kwanaki ana shafa mata man zurma da kurkur ana jiƙata da ruwan shinkafa tukuna, amma in ta nuna zata riƙe zafin miya tun rana har dare. Duk wannan ba a littafi aka rubuta ba, uwa ce take koya wa ƴarta, in tukunyar ta tafi ilimin ma ya bi ta.

Ya juya min wasu tasoshi yace duba gefen baki, sai naga rubutu da ƴan ɗigo-ɗigo da aka buga da ƙusa, sunan mai kayan ne, wasu harda shekara. Yawanci kayan aure ne, amarya ta zo dasu daga gidansu, ana sa suna don in an yi biki maƙota sun ara kada su ɓace. Matan nan ba wanda ya rubuta tarihinsu, sunansu a jikin tasa kaɗai ya rage, kuma da yawa daga kayan a wajen masu sayen tsohon ƙarfe ya tsinto su, an riga an ɗora a sikeli za a kai a narkar. Lokacin da silba da alminiyon da roba suka shigo mutane sun yi ta bada tagullar kakanninsu a kilo suna karɓar sabbin kwanuka masu sauƙin wanki.

Akwai kuma akwatin paan na mutanen Hyderabad, wato ganyen da suke naɗe ƙwaya da kayan ƙanshi a ciki su tauna, akwatin ana ce masa paandaan, mai ƙananan ɗakuna a ciki, nan ƙwayar da ake taunawa, nan farar ƙasa, nan kanumfari, ga almakashin yanka ƙwayar da aka yi masa siffar tsuntsu. Matsayinsa a wajensu kamar goro ne a wajenmu, baƙo ya zo a miƙa masa, ba a aure ba shi, uwargida ce take riƙe dashi har miji yana ware mata kuɗinsa daban. Kayan bautarsu ma suna nan, fitilu da ƙararrawa, na kalla a matsayin aikin maƙera na wuce.

Kada wani yace ina kiran a koma zamanin wahala. Na gwada juya dutsen niƙan da yake tsakar gidan, macen da take wannan kullum da asuba kafin kowa ya tashi ta sha wuya, kuma a gidan dattijon ma da gas ake girki, injin markaɗe na lantarki yana nan a kicin. Abin da nake cewa kada a yar da basirar tare da wahalar. Su kansu Indiyawa sun gane haka, a 1958 gwamnatinsu ta gayyaci wasu Amurkawa masu zanen kayayyaki, Charles da Ray Eames, su bada shawara, a rahotonsu abin da suka fi yabawa shine lota, ƴar butar ruwan nan da take kowane gida, saboda yadda aka daidaita bakinta da cikinta da riƙonta tsawon zamani, kuma rahoton ne ya kai ga kafa babbar makarantar zane a Ahmedabad a 1961. Maƙeran tagulla na Jandiala Guru a Punjab kuma UNESCO ta sa sana'arsu cikin gadon duniya a 2014.

Damuwata da irin wannan gida ɗaya ce, komai a kan mutum ɗaya yake. Dattijon ya manyanta, bayanin duk a kansa yake, in ta Allah ta kasance magada zasu iya cewa su fili suke so. Akwai waɗanda suka tsallake wannan, Dinkar Kelkar na Pune ya fara tara kayan gida wajen 1920, fitilu da matsefai da kayan kicin, ya sa wa wajen sunan ɗansa Raja da ya rasu yana yaro, a 1975 ya miƙa wa gwamnatin Maharashtra, yau kayan sun kai dubu 20. A Ahmedabad ma Surendra Patel ya buɗe gidan tarihin kwanuka da tukwane zalla a 1981. Sai dai da zarar kaya sun koma hannun hukuma dole gilashi ya shigo, taɓawa ta ƙare, shi yasa nake ganin tun mai gida yana da rai ya kamata a zauna dashi a ɗauki bayaninsa a bidiyo, abu ɗaya bayan ɗaya, ko da waya ce.

Mu ma nan abin da yake faruwa kenan, in tsohuwa ta rasu tasoshinta da akushi da tandun kwalli sai dai ƴan gwangwan, Gidan Makama ba zai iya ɗauke mana duka ba. Ku ɗalibanmu da masu jinya a Indiya, in kun samu rana ku tambaya, irin gidajen nan suna nan, ku je da mai jin Hindi ko Telugu, ku nemi izini kafin hoto, kuma kada ku ce zaku sayi tsohon abu ku taho dashi, dokarsu ta 1972 ta hana fitar da kayan tarihi da suka haura shekara 100 daga ƙasar, a filin jirgi za a tsare ku.