Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: iyayen yara masu buƙata ta musamman a Ingila

Duk shekara ma'aikatar shari'a ta Birtaniya na fitar da wasu alƙaluma da ya kamata su tayar da hankalin duk wani jami'in ƙaramar hukuma a Ingila. Idan iyayen yaro mai buƙata ta musamman ba su gamsu da shawarar da hukumar yankinsu ta yanke kan karatunsa ba, doka ta ba su damar kai ƙara wata kotu da aka keɓe don wannan. A shekarun baya-bayan nan, cikin ƙararrakin da suka kai ga hukunci, sama da kashi 95 cikin 100 iyaye ne ke yin nasara, ko gaba ɗaya ko a wani ɓangare na abin da suka nema. Wato abin da uwa ta faɗa wa jami'i tun farko ya yi kunnen ƙashi, shi ne alƙali ke zuwa ya tabbatar bayan watanni sun shuɗe, wani lokaci har fiye da shekara. A tsawon wannan jira yaron na zaune gida, ko yana cikin ajin da ba ya tsinana masa komai. Shekarar karatu kuwa in ta wuce, babu kotun da za ta dawo da ita.

Ingila ba ta rasa doka ba. Tun a 1978 kwamitin da Mary Warnock ta jagoranta ya ware babi guda a rahotonsa kan ɗaukar iyaye a matsayin abokan aiki, kuma dokar ilimi ta 1981 daga wannan rahoto ta samo tushe. A 2009 binciken Brian Lamb ya sake komawa kan batun, domin an lura iyaye sun daina yarda da tsarin. Sai dokar yara da iyalai ta 2014, wadda sashe na 19 nata ya wajabta wa ƙananan hukumomi la'akari da ra'ayin yaro da na iyayensa, da ba su damar shiga cikin yanke shawara gwargwadon iko. Ita ce ta kawo takardar nan da ake kira EHCP, mai haɗa ilimi da lafiya da kulawa wuri guda tun daga haihuwa har shekara 25, ta kuma ce a kammala ta cikin mako 20. A 2023 kusan rabin takardun ne kawai aka fitar cikin wannan wa'adi.

Fiye da shekara arba'in ana nanata magana ɗaya. To ina gizo ke saƙa?

A ganina matsalar tana wajen lokacin da ake kiran iyaye. Sau da yawa sai an gama tsara komai, an raba kuɗi, an sa hannu a kwangila, sannan a aiko da takardar tambayoyi ta intanet ko a kira taron awa biyu a ce ana neman ra'ayinsu. Wannan ihu ne bayan hari. Tun ran gini tun ran zane: wanda za a yi wa aiki, wurinsa yana nan tun ranar da ake tambayar me ma ya kamata a yi.

A ɗauki jigilar yara zuwa makaranta, abin da a ofis ake kallo a matsayin lissafin motoci da mai kawai. Jami'i zai ga ya yi dabara idan ya haɗa yara shida a mota ɗaya, ya kuma riƙa sauya direba bisa wanda ya fi araha. Uwar yaron da ba ya magana, wanda ƙara ke firgita shi, wanda sabuwar fuska ke rikita masa yini guda, ita ta san cewa wannan dabara za ta sa ɗanta ya isa aji a hargitse, malamai su kasa shawo kansa, a kira ta daga wurin aiki, daga baya ma ya ƙi fita daga gida. Da an tambaye ta kafin a ba da kwangilar, da ta faɗi wannan cikin minti biyar. Haka batun jerin masu jiran ƙwararrun da ke koya wa yara magana, haka batun 'yan sa'o'in hutun da ake ba iyaye masu jinya dare da rana, haka wasiƙun hukuma da ake rubutawa da yaren da sai lauya ke fahimta. Ilimin ƙwararre yana da daraja, ban raina shi ba. Amma shi yana ganin yaron minti arba'in a ɗakin gwaji, iyaye kuwa su ke tare da shi ƙarfe uku na dare.

Jami'ai na da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba: kuɗi. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya bayyana a Oktoban 2024 cewa yawan masu takardar EHCP ya kai 576,000, daga 240,000 a 2015, kasafin wannan fanni ya kai fam biliyan 10.7, kuma duk da haka tsarin ba zai ɗore ba a yadda yake tafiya. Ƙananan hukumomi da dama na fama da gibi mai yawa. Don haka wasu ke tsoron cewa buɗe wa iyaye ƙofa zai jawo buƙatun da babu abin biyansu. Ni kuwa ina ganin ƙarancin kuɗi shi ne babban dalilin saurarensu. Wanda ke da kaɗan ba shi da damar ɓarnatar da shi kan hidimar da ba wanda ke amfana da ita, kuma iyaye ne za su gaya maka wacce ce wannan hidimar. Su ne kuma za su nuna maka ɗan taimakon da in an bayar yaro na shekara huɗu, zai hana a kashe ninkinsa goma yana shekara goma sha huɗu. Kuɗin da ake biyan lauyoyi don kare ƙarar da kusan tabbas za a faɗi, ai shi ma kuɗin jama'a ne, kamar kuɗin mataimakin malami.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi a zuciyata. Ana cewa idan aka ce "iyaye", su wa ake nufi? Kusan kowane yanki na Ingila yana da ƙungiyar iyaye masu kula da irin waɗannan yara, wadda ma'aikatar ilimi ke tallafa wa da ɗan kuɗi, kuma da yawansu na aiki tuƙuru, galibi a kyauta, ga gajiyar jinya a gida. Sai dai wanda ke iya zuwa taron ƙarfe goma na safiyar Talata mutum ne mai sarari, mai iya karanta takarda shafi sittin, wanda Turanci ya zauna a bakinsa. Ina uwar da ke renon yara uku ita kaɗai? Ina uban da ke aikin dare? Ina iyalin da suka zo ƙasar ba da jimawa ba, ba su ma san suna da haƙƙin neman a duba ɗansu ba, ko waɗanda kunya da surutun dangi suka sa suke ɓoye lalurar? Idan ba a kula ba, sai saurarar iyaye ta koma saurarar masu ƙarfin baki, marasa murya su ƙara komawa baya.

Maganin wannan ba rufe ƙofa ba ne. Hukuma ce za ta tashi ta je inda mutanen suke, a ƙofar makaranta, a ɗakin jiran asibiti, a wuraren ibada, da tafinta a gefe. A sa taro lokacin da ma'aikaci zai iya zuwa, a tanadi mai kula da yaro yayin da ake zaman, a biya mutum ladan lokacinsa kamar yadda ake biyan duk wani mai ba da shawara. Kowa a teburin nan albashi yake ɗauka, ban da wadda ta fi kowa sanin abin da ake tattaunawa. Wannan ba adalci ba ne.

Kada kuma a manta da mai gayya mai aiki, wato yaron kansa. Doka ta ce da zarar matashi ya kammala shekarar karatun da ya cika 16, haƙƙin yanke shawara kan takardarsa ta EHCP na komawa hannunsa. Abin da uwa ke so don tsoro da ƙauna, wani lokaci ya sha bamban da abin da ɗanta ke so. Ita tana so a kai shi a dawo da shi, shi yana so a koya masa shiga bas shi kaɗai. Wanda ba ya magana da baki ma yana da hanyar nuna abin da ke ransa, da hoto ko alama ko na'ura, in an yi haƙurin jira.

Haɗarin da ya rage shi ne ƙungiyar iyaye ta zama jeka-na-yi-ka, a riƙa fito da ita duk lokacin da masu sa ido na Ofsted, hukumar duba makarantu, da CQC, hukumar duba ayyukan lafiya da kulawa, za su zo, kamar yadda suke zagaya yankuna tun 2016. Wakilin iyaye da ba zai iya fitowa fili ya ce "wannan ba mu amince ba" ba tare da tsoron rasa kujerarsa ba, ado ne kawai. Akwai ma'auni mai sauƙi, kuma doka ta riga ta share hanyarsa: wajibi ne kowace ƙaramar hukuma ta wallafa jerin hidimomin da ke yankinta, ta kuma wallafa aƙalla sau ɗaya a shekara ra'ayoyin da iyalai suka bayar a kansu da amsar da ta ba su. Abin da nake so in gani a wannan shafi shi ne, kusa da kowace buƙata a rubuta abin da aka yi, ko dalilin da ya sa aka ƙi, da ofishin da ke da alhaki, da ranar da za a dawo a sake dubawa tare da waɗanda suka kawo ƙorafin.