Shaidar Kurma

Bayan an kwana uku ana cashewa a filin da ke bayan unguwa, tun daga la'asar har dare ya raba, Mai Unguwa ya kira zaman sulhu a ƙofar gidansa. Alhaji ya zo da takardar koke mai shafi huɗu, Hajiya tana biye da shi. Mai Shirya Biki ya zo da takardar izini a aljihun gaba. Ɗan Boko ya zo da wata na'ura mai kan soso wadda ya rungume kamar jariri. Baba Kurma kuwa ba wanda ya gayyace shi, ya ga an shimfiɗa tabarma ne ya zauna.

Mai Unguwa: To jama'a, magana bi da bi za a yi, kuma kada wanda ya ɗaga murya, tunda ɗaga murya ce ta tara mu. Alhaji, bismilla.

Alhaji: Ranka ya daɗe, kwana uku ke nan ban runtsa ba. Tagogina suna rawa, ƙofata tana amsa amshi, hoton da ke jikin bango ya karkace, har na wayi gari ina bin waƙar da na tsana ba tare da na sani ba. Roƙona shi ne a hana kiɗa a filin nan har abada, a hana tafi, in da hali a hana fito ma.

Mai Shirya Biki: Allah ya ja zamaninka, kwana 365 ne a shekara, uku kacal muka ara. Ga takardarmu daga ƙaramar hukuma, kuma sharaɗin da aka rubuta a ciki guda ɗaya ne, cewa kada mu yi ƙarar da ta wuce kima. Ni kuwa na tsaya a wurin tun daga farko har ƙarshe, ban ji inda ta wuce kima ba.

Mai Unguwa: Kimar wa?

Mai Shirya Biki: Takardar ba ta faɗa ba, ranka ya daɗe, shi ya sa na yi amfani da tawa.

Alhaji: Ni kuma da tawa na rubuta koke.

Nan fa aka yi shiru, domin duk wanda ke wurin ya gane cewa wanda ya rubuta wannan sharaɗi ya raba kansa da wahala ne kawai, ya bar maƙwabta su cinye juna. Ɗan Boko, wanda tun da aka zauna yake jiran irin wannan shiru, ya miƙe ya gyara tabarau.

Ɗan Boko: Ranka ya daɗe, ƙara tana da ma'auni kamar yadda nauyi da tsawo suke da nasu. Sunansa desibel, an kuma samo sunan daga Alexander Graham Bell, mutumin da ake danganta ƙirƙirar wayar tarho da shi. Raɗa a kunne tana kai wajen desibel 30, hirar mutum biyu kuma wajen 60.

Mai Unguwa: Wato hira raɗa biyu ce ke nan.

Ɗan Boko: A'a, ranka ya daɗe, lissafinsa ba irin wanda aka saba ba ne. Duk lokacin da aka ƙara desibel 10, kunne yana jin kamar ƙarar ta ninka, saboda haka 60 ta fi 30 wajen sau takwas a kunne. Haka kuma in aka ajiye lasifika biyu masu ƙarfi ɗaya a gefen juna, desibel 3 kawai suke ɗarawa a kan guda ɗaya.

Mai Shirya Biki: Madalla da ilimi! Ashe in na ninka lasifikokina baɗi, uku kawai na ƙara.

Alhaji: A shafi na biyu na nemi a kwashe rabin lasifikokin.

Ɗan Boko: Kai ma uku kawai za ka rage, Alhaji, kuma da wuya ka ji bambancin da zai sa ka yi barci.

Alhaji ya zaro biro ya soke shafi na biyu.

Ɗan Boko: A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa da taruka, ta ce matsakaicin ƙara a cikin minti 15 kada ya wuce desibel 100.

Mai Shirya Biki: Alhamdu lillahi, ban kai ɗari ba. A tashi taro.

Ɗan Boko: Zauna, Yaya. Wannan adadi na kare kunnen wanda ya kawo kansa gaban dandamali ne da ƙafarsa. Mai barci a gidansa lissafinsa dabam ne. Tun a 1999 hukumar ta ba da shawarar cewa a cikin ɗakin kwana da dare kada ƙara mai ɗorewa ta wuce desibel 30, a wajen taga kuma 45.

Alhaji: Madalla da ilimi! A rubuta 30, a kai wa makaɗa su yi kiɗansu da raɗa.

Mai Unguwa: Yaro, ka ba wannan ɗari ka ba wancan talatin, kowa ya rungumi nasa yana murna. Ni wanne zan rubuta?

Ɗan Boko: Duka biyun, ranka ya daɗe, domin ba a wuri ɗaya ake auna su ba. A fili buɗaɗɗe, duk lokacin da ka ninka nisanka daga inda ƙara take fitowa, tana raguwa da wajen desibel 6. Doka mai adalci sai ta faɗi adadi, ta kuma faɗi inda za a tsaya a auna. Yaya, kai a ina ka auna taka?

Mai Shirya Biki: A cikin motata.

Ɗan Boko: Gilashi a buɗe ko a rufe?

Mai Shirya Biki: Da sanyi a daren.

Ɗan Boko: Kai fa, Alhaji?

Alhaji: Ni ba na bukatar na'ura. Da zuciyata na auna, kuma ta cika ta batse. Abin da ma ya fi ƙona mini rai shi ne, da dare ya yi nisa sai su ƙara murɗa abin da gangan, don sun san lokacin ne mutanen kirki suke kwanciya.

Mai Shirya Biki: Wallahi ban taɓa maɓallin nan ba tun da rana ta faɗi.

Ɗan Boko: Mai yiwuwa ku duka biyun gaskiya kuka faɗa, wanda abin mamaki ne a zama irin wannan. Da dare ƙasa tana hucewa, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi, sai sautin da da rana zai tashi sama ya watse ya lanƙwaso ƙasa ya yi tafiya mai nisa. In iska tana kaɗowa daga filin zuwa gidaje, ita ma tana taya shi. Ga kuma motoci da hayaniyar gari sun lafa, babu abin da zai rufe kiɗan. Maɓalli yana inda yake, amma abin da ke isa tagar Alhaji ya ƙaru.

Ana cikin haka sai Baba Kurma ya ɗaga hannu. Mai Unguwa ya yi masa alama da ya yi magana, shi kuwa ya yi ta da ƙarfin da ya sa allurar na'urar Ɗan Boko ta zabura.

Baba Kurma: Ni ma kiɗan nan ya hana ni barci!

Mai Shirya Biki: Ranka ya daɗe, ka ga irin sharrin da ake ƙulla mini. Baba ya shekara ashirin bai ji sallamar kowa ba, yau shi ne shaida a kan kiɗa.

Baba Kurma: Me ya ce?

Mai Unguwa: Ya ce ba ka ji komai ba, Baba!

Baba Kurma: Gaskiya ya faɗa, ban ji ba. Amma gadona ya ji. Na kwanta, sai na ji ana buga mini wani abu a ƙirji, dum, dum, dum, har na ɗauka ajali ne ya zo da ganga. Na kunna fitila, na ga ruwan da ke cikin kofi a gefen gado yana yin zobe-zobe shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Na yi addu'o'in da na sani duka, abin bai tsaya ba sai da makaɗan suka gaji.

Ɗan Boko ya dubi na'urarsa, ya juya ta, ya sake dubawa, kamar mai neman inda ta yi masa ƙarya.

Ɗan Boko: Ranka ya daɗe, shaidar Baba ta fi tawa. Na auna a ƙofar gidansa a dare na biyu, na ga adadin bai taka kara ya karya ba. Amma na saita na'urar a kan ma'aunin da ake kira A, wanda yake kwaikwayon kunnen mutum, yana rage wa sauti mai kauri daraja. Shi kuwa rugugin nan na manyan lasifikoki shi ne yake ratsa bango ya bar siririn sauti a waje, shi ne kuma jiki yake ji ko kunne bai ji ba. Da na saita ta a kan ma'aunin C da na kama shi. Dokar da ta manta da rugugi za ta wanke mai biki a takarda alhali gadon Baba yana rawa.

Mai Unguwa: Wato na'urar da ka rungumo ta sha kaye a hannun kurma.

Ɗan Boko: A wannan karon kawai, ranka ya daɗe.

Mai Shirya Biki: To sai a faɗa mini adadin in bi. Amma maganar lokacin tashi, ina roƙon a bar ta a hannuna, domin babban mawaƙi ba ya hawa dandamali da wuri, kuma ba a katse shi.

Ɗan Boko: Ana katse shi, Yaya. A watan Yulin 2012, a filin Hyde Park na birnin Landan, manyan mawaƙa Bruce Springsteen da Paul McCartney suna kan dandamali tare lokacin tashi ya wuce, aka kashe musu makirufo suna tsaye. A 2024 kuma ƙungiyar Real Madrid ta dakatar da bukukuwan kiɗa a filin wasanta na Bernabéu saboda koken maƙwabta. A Ingila dokar ƙara ta 1996 ta ɗauki dare daga ƙarfe 11 zuwa 7 na safe, a Jamus kuma lokacin shiru daga ƙarfe 10 ne zuwa 6. In kana son wuce lokaci, akwai dabarar da aka yi a bikin kiɗa na Glastonbury da ke Ingila a 2005, inda aka raba wa masu rawa na'urar sauraro ta kunne, kowa yana jin kiɗansa, fili kuma shiru.

Alhaji: Dubban mutane suna tsalle cikin duhu ba kiɗa? Gara a bar mini gangar, aƙalla na san mutane ne.

Mai Unguwa ya sa aka kawo takarda. Ya ce a rubuta cewa biki ba zai wuce kwana uku a shekara ba, za a sanar da maƙwabta tun da sauran wata guda, za a juya lasifikoki su ba gidaje baya, za a auna ƙara da rugugi a wajen tagar gidan da ya fi kusa, manyan lasifikoki za su yi shiru da ƙarfe 11, kuma za a ba da lambar waya wadda mutum mai rai zai ɗauka. Alhaji yana ta gyaɗa kai har aka zo layi na ƙarshe.

Mai Unguwa: A rubuta kuma cewa bayan ƙarfe 11 adadin dare ya hau kan kowa, mai biki da wanda ba mai biki ba.

Mai Shirya Biki: Na yarda, ranka ya daɗe. Sai dai a fara da janareton Alhaji, wanda yake kwana yana ruri a jikin katangar mutane sauran kwana 362.

Alhaji: Janareto ai ba ƙara ba ce, lalura ce.

Ɗan Boko: Na'urar ba ta san lalura ba, Alhaji.

Alhaji: Wannan na'urar da kurma ya kayar?

Hajiya, wadda ba ta ce uffan ba tun da aka zauna, ta gyara mayafi ta nemi izini.

Hajiya: Ranka ya daɗe, ni ban sa hannu a koken Alhaji ba, kuma ina so a san dalili. Shekara talatin da ɗaya ina kwana kusa da minsharinsa. A cikin kwana ukun nan yana zaune a bakin taga yana tsaki yana rubutu, ni kuwa na yi barcin da rabona da irinsa tun ina gidanmu. In ana karɓar roƙo, a ƙara wa yaran nan kwana biyu.

Alhaji: Hajiya, a gaban jama'a?

Hajiya: Jama'a sun riga sun sani, Alhaji, taga a buɗe muke kwana. Ɗana, ka ce a ina ake tsayawa a auna?

Ɗan Boko: A inda mai barci yake, Hajiya.

Hajiya: To ka ba ni aron abin nan yau da dare, ka saita mini shi a kan na rugugi.

Baba Kurma: Me ta ce?

Mai Unguwa: Ta ce Alhaji yana minshari, Baba!

Baba Kurma: Au, shi ne? Ni duk shekarun nan na ɗauka janareto biyu gare shi.